Izinin da Na Nema wa Malam Ila

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a wajen wata walimar suna a unguwar Selly Oak da ke Birmingham, wata yarinya da ta gama digiri na biyu ta jawo kujera kusa da ni, ta gaishe ni, ta ce, "Anti Binta, ni ma fa ina tunanin in ɗan taɓa irin aikinki kafin in samu job. Ba form ne kawai ake cikewa online ba?" Ƙawayenta biyu suka gyaɗa kai. Ban tanka mata ba, don gidan mutane ne, kuma na san in na fara ba zan tsaya ba. Amsar ce nake rubutawa yanzu, dominta da duk masu irin wannan tunani.

Aikina shi ne nema wa mutane izinin council, wato ƙaramar hukuma, idan suna so su mayar da shago wani abu dabam, kamar shagon takalma ya koma gidan abinci, ko ofis ya koma flat. Na fi shekara ashirin ina yi. Mafi wuyarsa a tsofaffin unguwannin nan ne da hukuma ta ce a kiyaye kamanninsu saboda tarihi, waɗanda ake kira conservation area. A can ko taga za ka canja sai an tambaye ka dalili. Fom ɗin da kuke gani, rabin awa ya ishe ni in cike shi. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa, shi ne sana'ar.

Aikin farko da aka ba ni, awon gaban wani shagon mahauci ne a Birmingham. Maigidana na biyo, shi likita, ni kuma da digirina na zanen gine-gine daga Zariya, wanda babu kamfanin da ya yarda ya kalla sau biyu. Wani dattijo ɗan Ireland, Mista Walsh, mai ɗan ofis a saman shagon kafet a unguwar Aston, shi ya ɗauke ni. Ya miƙo mini tef ɗin awo da fensir da tocila da wani ɗan madubi irin na jakar mata, ya ce in je in kawo masa gaban shagon a takarda. Na je ana ruwa, na auna faɗi da tsawo, ƙofa da gilashi, na dawo cikin awa guda ina ji da kaina. Ya dubi zanen ya ce, "Ina katakon da aka sassaƙa a ƙarshen allon suna?" Na ce ai ado ne kawai. Ya ce in koma. Na koma na zano shi. Ya ce na dama da na hagu ba iri ɗaya ba ne, an taɓa canja ɗaya, in sake komawa. Sau uku na yi wannan hanya a ranar, hijabina ya jiƙe har ya manne mini a wuya. Da na kawo na ƙarshe sai ya ce, "Wanda zai ce mana a'a a council bai damu da nama ba, bai damu da mahauci ba. Wannan katakon yake kallo. In ya ga kin gan shi, zai saurare ki."

Shekara huɗu na yi a hannunsa. Shi ya koya mini in fara shiga gini ta baya, ta wajen shara, don a can ake ganin abin da aka ɓoye. Madubin kuwa na leƙa chimney ne, wato bututun hayaƙin nan na bulo da ke ratsa tsofaffin gidajensu daga ƙasa har rufi. Ka durƙusa, ka karkata madubi, ka ga ko hasken sama yana saukowa. Shi ya saba mini da zuwa laburare neman tsofaffin hotunan titi, domin in jami'i ya ce asalin gini ba haka yake ba, in ajiye masa hoto a gabansa. Yanzu ina da na'urar awo mai jan haske, ina da kwamfuta, amma babu wadda ta taɓa hawa mini tsani.

Da muka koma Manchester na buɗe nawa ofishin a unguwar Rusholme, ɗaki ɗaya a kan Wilmslow Road, inda duk bas ɗin da ya wuce sai taga ta girgiza. Rabin masu hawo benena mutanenmu ne, kuma su suka fi tayar mini da hawan jini. Sai mutum ya kama shago, ya sayi firji, ya buga katin gayyatar buɗewa, sannan ya zo ya ce, "Hajiya, ki ɗan yi musu magana." Wa zan yi wa magana? Yana zaton akwai wani babba da za a je gaisarwa gida bayan la'asar. Akwai wani injiniya, mai ilimi fa, da na ce masa kada ya taɓa gaban shagonsa sai takarda ta fito. Ya jira ƙarshen mako, ya kawo ma'aikata suka ɓalle katakon da ya girmi kakansa, suka sa alminiyam da ƙofar ƙarfe mai naɗewa. Da wasiƙa ta zo cewa ya mayar da komai yadda yake, sai ya shiga gaya wa mutane a masallaci cewa ni ce ban iya aiki ba.

Malam Ila ba ya cikin irin waɗannan. Shi ya sa har yau in na tuna aikinsa raina yake ɓaci.

Isma'ila sunansa, mutumin Funtuwa. Karatun kimiyya ya kawo shi, tallafin karatun ya yanke a tsakiya, ya kama tuƙin bas, ya daɗe a kai har ya yi furfura. Duk Sallah shi ke gasa wa jama'armu tsire, kuma wanda ya ci sau ɗaya ba ya mantawa. Ya samu wani tsohon shagon gyaran agogo a wata unguwa da ke gefen Manchester, ƙarƙashin wata council da ba zan ambaci sunanta ba. Layi ne na jan bulo, shaguna a ƙasa, flat a sama, bayansu kuma harabar wani tsohon coci. Yana so ya riƙa gasa tsire da balangu mutane su saya su tafi da shi, wanda a doka sai da izini na musamman.

Ya zo ofishina da rigar aikinsa, ya zauna a bakin kujera ya ce, "Hajiya, ban taɓa komai ba. Ko ƙusa ban buga ba. An ce in fara zuwa wurinki."

Na ce, "Madalla, Malam. Ka kama shagon ne?"

"Na sa hannu, don kada wani ya riga ni. Amma landlord ɗin mutumin kirki ne. Ya ce in ɗauki duk lokacin da nake buƙata."

Na ce ya kawo mini takardar hayar in gani. Ya ce to. Bai kawo ba, ni ma ban sake tambaya ba, domin hankalina ya riga ya tafi kan hayaƙi.

A wata unguwa, da abin ba wuya: a ɗaura ƙaton bututun ƙarfe a bangon baya ya haura rufi, shi ke nan. A nan kuwa bayan ginin ana ganinsa daga harabar cocin, kuma na san babu jami'in da zai yarda a rataya masa wannan abu mai walƙiya a kan tsohon bulo. Hanya ɗaya ce ta rage, a bi ta tsohon chimney na ciki. Muka ɓalle allon da mai agogo ya toshe murhu da shi, na durƙusa da madubina, duhu kawai na gani. Na kawo mai sharar chimney da kyamararsa. Buhu biyu na sheƙar tsuntsaye ya fitar, da karyayyun bulo. Sannan na kunna ƙwayar gwajin hayaƙi a ƙasa, na tura Malam Ila tsallaken titi ya kalli rufi. Ya bugo waya yana dariya, ya ce, "Hajiya, yana fita, fari tas." Ni kuma na haura flat ɗin sama a guje, na tarar hayaƙin yana tsatsowa ta bangon ɗakin kwana, bayan kabad. Da an kunna gawayi a haka, da wanda ke barci a wannan ɗaki bai tashi ba. Wannan ba ya cikin fom ɗinku.

Don haka sai an zura wani bututun ƙarfe a cikin na bulon, daga ƙasa har sama, ya fito ta tukunya ta uku cikin tukwanen hayaƙin da ke jere a kan rufi, ba tare da an ga komai daga waje ba. Wannan sai da yardar mai gidan. Ya zo da kansa, mutum mai fara'a, ya sa hannu ba musu. Har tsani ya riƙe mini. Ya yi ta tambayoyi, faɗin bututun nawa, wane irin abinci za a iya dafawa da shi, ko zai ɗauki abin suya. Na ɗauka sha'awa ce.

Da Malam Ila muka yi gardama a kan gawayi. Na ce da gas abin zai fi sauƙi a wajen council. Ya ce, "Hajiya, tsire ba gawayi ai soyayyen nama ne. Gara in ci gaba da tuƙi." Na haƙura. Muka tsara injin tace hayaƙi mai mataki uku, wanda ya cinye rabin ɗakin ajiya. Gaban shagon kuwa ban taɓa ko sili ɗaya ba, sai fenti, da allon suna na katako da za a rubuta da hannu.

Muka shigar da takardu. Aka ɗaure sanarwa a jikin turken fitila, aka ba maƙwabta mako uku su faɗi ra'ayinsu. A ƙa'ida cikin mako takwas ake yanke hukunci. Sau biyu aka canja mana jami'i. Ta farko ta nemi rahoton ƙarar injin, na kawo, ta tafi hutun haihuwa. Na biyu ya ce bai ga rahoton ba, kuma yana son na wari, na kawo duka biyun, ya bar aikin. Na uku ya fara daga shafin farko. Wasiƙun ƙorafi kuwa suka yi ta shigowa, da yawansu jimla ɗaya ce aka kwafa aka canja suna. Wani ya rubuta cewa warin da ke fitowa daga shagon ya riga ya hana shi buɗe taga. Shagon da ko tsinke ɗaya ba a gasa a cikinsa ba. Wata ta ce irin wannan abinci bai dace da mutuncin unguwar ba. Shagon da ke jikin namu gidan caca ne, da allon roba mai wuta da ake hangowa daga ƙarshen titi, kuma ban ga wasiƙa ɗaya a kansa ba.

Jami'i na uku ya yi adalci. Ya zo ya duba, ya rubuta cewa a ba da izini. Amma saboda yawan ƙorafi sai aka kai maganar gaban kwamitin kansiloli. Kafin nan Malam Ila ya riga ya rage ranakun tuƙinsa don ya kasance a shirye, ga haya yana biya a kan shagon da ke kulle.

Ranar zaman ya sa farin kaftani da hula, ya zauna a bayana. 'Yan mintoci ake ba ka ka yi magana, ana duba agogo. Na yi bayanin bututu, na nuna zane, na karanta abin da jami'insu ya rubuta. Da na gama, wani kansila ya gyara tabarau ya tambaya ko za a riƙa yanka dabbobi a bayan shagon. Na yi shekara da shekaru ina shiga irin wannan ɗaki, na nemi izinin gidajen kifi da na pizza, ba a taɓa tambayata ko za a kama kifin a bayan gida ba. Na danne, na ce naman daga dillali zai zo a mota mai sanyi, kamar na kowa. Aka ɗaga hannuwa. Suka ƙi. Dalili, wari da ɓata kamannin unguwa.

A bakin ƙofa Malam Ila ya tsaya, ya cire hula ya sake sawa. Ya ce, "Hajiya, me na yi musu?"

Na ce, "Ba ka yi musu komai ba. Za mu ɗaukaka ƙara."

Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace muni a aikina. Wasu ayyuka uku suka maƙale a lokaci ɗaya. Magana ta fara yawo a cikin mata cewa hannuna ba shi da sa'a. Wani likita ya zo ya karɓi takardunsa ya kai wa wani kamfani a tsakiyar gari, ko kallon idona bai yi ba. Akwai makon da wayar ofis ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Na yi amfani da zaman banzan na koma laburare. Kwana uku ina juya hotuna har na samu na layin, tun zamanin da ake jan kaya da doki. Shago na biyu daga namu gidan suyar kifi ne, ga hayaƙi yana tashi daga waɗannan tukwane na rufi. Wato kamannin da suke cewa suna kiyayewa, da hayaƙin abinci a cikinsa tun asali. Na sa hoton a shafin farko na ƙarar.

Ɗaukaka ƙara ba council ke dubawa ba, sufeto ake turowa daga gwamnatin tsakiya. Muka jira wata da watanni. Wata mata ce ta zo, cikin tsananin sanyi, ba ta da yawan magana. Muka tsaya a harabar cocin tana kallon rufi. Ta ce, "Ta ina bututun zai fito?" Na nuna mata tukunya ta uku. Ta ce, "Me zan gani daga nan?" Na ce, "Abin da kike gani yanzu." Ta rubuta, ta tafi.

Hukunci ya fito: an ba da izini, da gawayin da komai. Ban aika masa a waya ba. Na buga takardar na kai masa garejin bas lokacin hutunsu na rana. Ya karanta a tsaye, ya nemi benci ya zauna, ya yi ta faɗin alhamdulillahi. Ya ce ranar buɗewa ni zan fara cin tsinke na farko.

Bayan kwana goma ya hawo benena da ambulan a hannu. Wasiƙa ce daga mai gidan, an ba shi wata ɗaya ya bar shagon. Na ce, "Malam, ina takardar hayar nan?" A ranar ya kawo ta. Ban wuce shafi na huɗu ba na ga sakin layin: mai gida yana da ikon kawo ƙarshen haya duk lokacin da ya so, da sanarwar wata guda. Na kira wata lauya da na sani, ta karanta, ta ce babu ƙofa.

Muka je wajen mai gidan tare. Ya karɓe mu da fara'ar nan tasa, har da tayin shayi. Ya ce ya yi nadama ƙwarai, amma wasu masu soya kaji sun zo da tayin da ba zai iya ƙi ba, tunda yanzu shagon yana da izinin abinci mai zafi.

Malam Ila ya ce, "Izinin ai nawa ne. Sunana ne a takardar."

Mutumin ya juyo wurina ya ce, "Izini na gini ne, ba na mutum ba. Ki gaya masa, kin fi ni sani."

Gaskiya ya faɗa. Tun shekarata ta farko a Aston na san haka. Izini yana bin ƙasa da bulo, duk wanda ya shiga ginin ya gaje shi. Fiye da shekara muna wahala, ni da zane da rahoto, Malam Ila da hayar shagon da ke kulle, ashe wa wannan mutum muke yi wa aiki, shi kuma yana riƙe mana tsani. Kafin mu fita har ya tambaye ni ko zan ƙarasa wa sababbin 'yan hayar sauran bayanan bututun, tunda ni na san shi. Na ce masa ya nemi wani. Bai ma sha wahala ba. Duk zanen da na shigar yana shafin council, kowa yana iya saukewa.

Ina jin haushin mai gidan, ina jin haushin masu wasiƙa, ina jin haushin wannan kansila. Amma takarda ce mai shafi tara, da na matsa aka kawo mini ita a makon farko, da minti goma ya isa. Da na ce kada a ja layi ɗaya sai an rubuta cewa hayar za ta tabbata na wasu shekaru in izini ya fito. Na auna kowane bulo a wannan gini, na bar abu ɗaya da ya kamata in fara da shi. A mota na faɗa wa Malam Ila haka. Ya ce, "Ni na sa hannu, Hajiya, ba ke ba." Tun daga wannan aiki, ba na fitar da tef daga jaka sai na karanta takardar haya daga farko har ƙarshe, ko da mai gidan ɗan'uwan mutum ne uwa ɗaya uba ɗaya. Wasu sun yi fushi sun tafi. Su tafi.

Malam Ila ya koma tuƙi cikakke. Bai sake neman shago ba.

Wajen wata shida bayan haka motata ta lalace, ga ni da awo a wannan ɓangaren gari, sai na hau bas. Ina ɗaga kai in gaishe da direba na ga shi ne. Muka gaisa, na zauna a kujerar farko. Ban san hanyarsa ta layin take bi ba sai da na hango cocin. Tashar tana daidai gaban shagon. An buɗe, mutane a tsaye a ciki, ana ta zuba kaji a kwali. Fasinja biyu suka sauka, wata tsohuwa tana hawowa a hankali da sandarta. Malam Ila ya ja birki, ya sunkuyo ta gilashi yana kallon rufin.

Ya ce, "Hajiya, duba sama. Tun safe suke suya, ko ɗigon hayaƙi ba a gani. Sau shida nake wucewa a rana, kullum sai na duba. Wallahi aikinki ya yi kyau."

Na duba. Babu abin da ake gani, sai jan bulo da tattabaru. Tsohuwar ta zauna, ya rufe ƙofa, ya ba da sigina ya hau titi.